Amsar Wasiƙu: Kai Samari Yawon Buɗe Ido da Kuɗi Kaɗan

Wani malami daga Ƙanƙara ya rubuto yana tambaya: yaya zai kai samari goma sha biyu yawon buɗe ido na yini ɗaya, alhali aljihu ba nauyi?

To Malam, a yi karo-karo tukuna. Kuɗin motar dawowa ka ware shi, kada a taɓa. Ku ɗauki shatar mota ɗaya a tasha, a gama ciniki tun ana gobe tafiya. Guzuri kuwa daga gida: dambu, ƙuli-ƙuli, ruwa a jarka. A Katsina ku ga Hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta zama gidan tarihi. Mutanen Faskari da Sabuwa, Zariya ta fi muku kusa, ta Funtuwa.

Amma fa, ba a neman araha da rai. Ba mu manta ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disamba 2020 ba. Ka nemi izinin iyaye, ka tambayi direbobi halin hanya. Ku tashi bayan gari ya waye, ku dawo kafin magariba. In hanya ba lafiya, a fasa. Allah ya kiyaye hanya.