Tabkin baraji da kifin bas a Amurka: jawabi ga masunta

Yau zan ba ku labarin wani tabki na ƙasar Amurka, da wani kifi da ake ce ma bas. Ku saurara da kyau, don akwai abin da ya shafe mu a ƙarshen maganar.

Sunan tabkin Guntersville. Yana cikin jihar Alabama, bisa gulbin Tenesi. Da can babu tabki a wurin, gulbi ne kawai. A shekarar 1933 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar kula da gulbin, mai suna TVA. Ita ce ta gina baraji, wato madatsar ruwa. An soma aikin a 1935, aka gama a 1939. Ruwa ya taru bayan ginin, ya zama tabki mai tsawon kilomita wajen 120, faɗinsa hekta wajen 28.000.

Barajin yana da aiki uku: ba da wutar lantarki, rage ambaliya, da buɗe hanya ga manyan jiragen kaya. Saboda haka ruwan tabkin ba ya hawa ko sauka don kansa. Ma'aikata ne ke buɗe ƙofofi, su ne ke rufewa. Lokacin sanyi su rage ruwa. Wajen watan Afrilu su cika shi. A wannan tabki, tsakanin cika da raguwa bai wuce santimita 60 ba.

To, mene ne bas? Kifi ne mai babban baki, mai cin ƙananan kifaye da kwaɗi. Mafi girma da aka rubuta ya ɗan wuce kilo 10. Wani manomi, George Perry, ya kama shi a jihar Jojiya a 1932. Sai a 2009 aka kama mai nauyinsa a ƙasar Japan.

Lokacin sanyi bas yana kwance a zurfi. Daga watan Maris zuwa Mayu sanyi ya fita, zafi bai tsananta ba. In ɗumin ruwa ya kai 15 zuwa 18 a ma'auni, sai kifin ya hau gefe, inda ruwa ya tsaya tsakanin gwiwa da ƙirjin mutum. Namiji ya share ƙasa da wutsiya, ya yi gurbi kamar faifai. Mace ta zuba ƙwai dubbai, ta tafi. Namiji ya tsaya gadi. Cikin ƴan kwanaki ƙwai su ƙyanƙyashe, uban ya ci gaba da tsaron ɗiyan.

Nan ne haɗarin yake. In aka buɗe ƙofofin baraji ruwa ya sauka da sauri, gurbi ya bushe, ƙwai su mutu. In aka kama uban aka tafi da shi, ƙananan kifaye su faɗa ma ƙwan su cinye. Ɓarnar sati guda, sai bayan shekara uku masunci ya gan ta cikin jirginsa. Shi ya sa hukumar TVA ke ƙoƙarin hana ruwa sauka a wasu tabkunanta lokacin da kifi ke ƙwai.

Yanzu mu duba masuntan. Yawancinsu ba don abinci suke su ba, don nishaɗi ne da gasa. Ba su zuba taru. Sanda ce da zare da ƙugiya, sai tana ta roba ko ɗan kifin ƙarya. Jirginsu yana da inji biyu. Babba na baya don gudu. Ƙarami na gaba mai aiki da batir, ba ya ƙara, don kada kifi ya firgita. Cikin jirgin akwai akwati mai ruwa inda kifi ke zama da rai.

Wani mutumin Alabama, Ray Scott, shi ya shirya babbar gasa ta farko a 1967. Da farko duk kifin da aka kawo sikeli matacce ne. A 1972 ya kawo sabuwar doka: a kama, a auna, a maida ruwa. A manyan gasa, kifi biyar kaɗai ake kawowa a yini. Wanda ya kawo matacce, a rage masa nauyi. An yi gasar da ta fi kowace girma a Guntersville a 1976, da 2014, da 2020. Baƙi suna zuwa, masu masauki da masu abinci da masu mai suna samun ciniki.

Akwai kuma dokar gwamnati. Masunci yana sayen takardar izini. A wannan tabki, bas mai babban baki da bai kai santimita 38 ba, ruwa ake maida shi.

Maganar jirgi fa? Ƙasan baraji wuri ne mai kifi, kuma wuri ne mai kisa. In za a saki ruwa ana busa jiniya. Wanda ya ji, sai ya ja jirginsa nesa. Dokar Alabama ta ce duk wanda ke cikin jirgi a ƙasan baraji, cikin mita wajen 240, tilas ya sa rigar da ke hana nutsewa. Ko gwanin iyo bai fi ƙarfin wannan doka ba.

Jama'a, na san mu don tukunya da kasuwa muke su. Ba zan ce ku saki kifin da iyali ke jira ba. Amma mu ma muna da baraji, kamar na Mozage da na Zango da ke shayar da gonakin Ƙonni. Ga kuma na Kandaji bisa gulbin Kwara, wanda aka aza tubalinsa na farko a 2008. Karfasarmu ma namijinta gurbi yake yi a gefen ruwa, macen ta ɗauki ƙwai a bakinta.

Don haka ina roƙon ku abu uku. Na ɗaya, ku bar taru mai ƙananan idanu, kuma kada a yi su da gidan sauro. Na biyu, in kun ga gurabe a gefe, kada ku ja taru bisa su. Na uku, ƙungiyar masunta ta zauna da ƙungiyar manoma da masu riƙe da ƙofar ruwa, ku san ranar buɗewa da ranar rufewa, ku gaya masu lokacin da kifi ke ƙwai.

Wanda ya iya karatu, ya karanta ma wanda bai iya ba. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kare mu daga haɗarin ruwa. Wassalam.