Daga Roma Zuwa Romi: Majigi da Masu Mulki

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraro, musamman mutanen Romi, Kakuri da Sabon Tasha a nan Kaduna,  yau za mu taso daga birnin Roma na Italiya, mu sauka a dandalin majigi.

A 1922 Musolini ya karɓi mulkin Italiya. Tun da wuri ya gane cewa bindiga na tsorata mutum, amma hoto shi ke sace zuciyarsa. A 1924 aka kafa hukumar Luce mai shirya finafinan labarai, kuma daga 1926 doka ta tilasta wa kowane gidan silima nuna su. Da sojojinsa suka afka wa Habasha a 1935, 'yan kallo a Roma sun ga sababbin hanyoyi da faretin nasara. Iskar gubar da jirage suka zuba wa Habashawa kuwa, ba ta taɓa hawa allo ba.

Jamus ma haka. Mai shirya fim Leni Riefenstahl ta ɗauki taron jam'iyyar Nazi na 1934 a Nuremberg, tana kafa kyamara daga ƙasa don Hitila ya fito kamar dutse, jama'a kuwa kamar tururuwa.

(Gajeren kiɗa)

To, mu dawo gida. Da yaƙin Hitila ya ɓarke a 1939, Ingila ta kafa sashen finafinai na ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in tsafta a Legas. Motar majigi kan shigo gari, a kafa farin allo bayan magariba, tafinta ya riƙe lasifika yana bayyana ƙarfin sojan Sarkin Ingila. Mulkin mallaka daban yake da aƙidar Musolini, amma dabarar ɗaya ce: mai kyamara ke zaɓen abin da ido zai gani. Bayan yaƙi, gwamnatin Jihar Arewa da ke nan Kaduna ta gaji majigin, tana koyar da noman auduga, tana kuma nuna rangadin Sardauna.

Jama'a, yau allon majigi ya koma tafin hannunmu. Idan bidiyo ya shigo wayarka, tuna da mutanen Roma, waɗanda suka yi tafi alhali ana ɓoye musu gawawwakin Habasha. Tambayi kanka: wa ya ɗauka, me kuma ya bari a bayan kyamara?