Kagoro: Tsakanin Fada da Ƙaramar Hukuma



Mu Agworok, mutanen Kagoro, a kan dutse kakanninmu suka zauna, dutsen kuma ya tsare su daga mahara masu kamun bayi. Ko a zamanin Turawa da sarkinmu muke, ba a ƙarƙashin Zazzau ba. Marigayi Gwamna Awan ya riƙe sarautar daga 1945 har rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan, shi ya sa muka saba kai kowane kuka fada.

Amma tun gyaran 1976 kuɗin aiki ya koma hannun ƙaramar hukuma, tamu kuwa ita ce Kaura. Rikicin iyakar gona, to, wannan na dagaci da sarki ne. Hanyar fito da citta da doya zuwa kasuwar Kafanchan fa? Da rijiya, da ɗakin shan magani? Waɗannan na kansila da ciyaman ne, alhali da yawanmu ko sunan kansilan mazaɓarmu ba mu sani ba. Muna roƙo kowace ikkilisiya ta aiki dattawa biyu su same shi kafin damina ta sauka.