Jawabi Ga Malaman Ƙauyen Alu Da Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni A Kan Tambayar Da Ta Dace Da Yaro Haziƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da mutum abin da bai sani ba, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa malamai, ku sani a kowane aji akwai yaro wanda kafin malam ya gama rubutu a allo shi ya gama aikinsa. Sai mu ce madalla, mu juya ga na baya, mu bar shi yana zaune. Wannan tauye hakki ne. Wuƙar da ba a wasawa tsatsa take yi. Yaron nan ko ya koyi lalaci, ko girman kai ya shige shi, ran da ya gamu da abu mai wuya sai ya karaya, domin bai saba ba.

Jarraba almajiri da tambaya sunna ce. Buhari ya ruwaito Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Hankalinsu ya tafi ga itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umaru ya gane dabino ce, amma kunya ta hana shi magana saboda ƙuruciya. Da ya gaya wa mahaifinsa, sai Umaru ya nuna ya so ƙwarai da ya faɗa. Ku lura, an ba su lokaci su yi tunani, kuma mai amsa shi ne ƙaramin da ya yi shiru.

To, wace irin tambaya ce? Ba ƙara masa lissafi 20 irin wanda ya riga ya iya ba, wannan horo ne. Ga misali. Malam Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimin lissafi. Mu nan lissafin muke nufi, ba asiri ba. Ka ce wa yaro ya jera 1 zuwa 9 a gida 9, kowane layi ya ba da 15. Idan ya yi, ka ce, don me dole 5 ta zauna a tsakiya? Ka bar shi ya kwana da ita. Hujjar ita ce, duka lambobin 45 ne, layi 4 da suka ratsa tsakiya kuwa 60 ne, sun ƙirga kowane gida sau ɗaya, na tsakiya sau 4. Rarar 15 ke nan ninki 3 na tsakiya, watau 5.

Ga na biyu daga rabon gado. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai 2, babu ɗa. Miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu, ga shi rabon ya fi dukiyar yawa. Yaya za a yi? Ka bar shi ya nema, har ya kai ga auli, a kasa dukiya kashi 7, miji 3, su 4.

Tun 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana shiga da jarrabawa. Ɗan talakan unguwannin nan ba shi da mai gwada shi a gida, sai ku. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga shi nan kusa da mu a hanyar Zariya, don me 'ya'yanmu ba za su zama likitocinsa ba?

Saboda haka kowane malami ya shiga aji da tambaya ɗaya mai nauyi a aljihu. Kada ya yi gaggawar ba da amsa. Kada ya kunyata wanda ya kuskure. Ya nemo mai shiru, musamman cikin 'yan mata. Idan yaro ya zo da hanyar da ta fi ta malam, malam ya karɓa, ya yi godiya ga Allah.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu.