Naushin Cikin Akwati Da Naushin Ƙofar Gida

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Bulabulin, Maiduguri)

  

Jama'a, abin da ya sa muka roƙi a ba mu 'yan mintoci shi ne wani abu da ya faru a unguwar nan kwanakin baya. Ba za mu kama suna ba, don an riga an sasanta. Bayan la'asar wasu yara suna wasa a lungu, sai ɗaya ya zagayo ta baya ya maƙale wuyan abokinsa da damtse, ya matse. Sauran suna ta tafi, wani ma yana ɗauka da waya. Sai da wani ɗan garuwa ya saki kurarsa ya zo ya ɓamɓare hannun, yaro ya zube ƙasa kamar tsumma. Allah Ya sa da sauran kwana, ya farfaɗo. Da aka tambayi wanda ya yi shaƙar, cewa ya yi: "Wallahi Baba wasa ne, haka ake yi a keji." Wanda ya yi shaƙar ɗanmu ne. Wanda aka shaƙe kuwa ɗan maƙwabtanmu Barebari ne. To, ku auna da kanku inda maganar nan za ta kai da Allah bai kiyaye ba.

Kada mu ɗora wa yara laifi duka, domin mu ma mun yi. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tune da ranar 30 ga Oktoba, 1974, da Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a turmi na takwas a Kinshasa. An yi wata guda ba a bar hirar ba. Kafin nan ma ƙasar nan ta yi alfahari da Hogan Bassey da ya ci kambun duniya a Faris a 1957, da Dick Tiger da ya doke Gene Fullmer a Ibadan a 1963. Sannan finafinan Canis suka shigo. Wa ya manta da Bruce Lee, wanda muke kira Burusli? Ana tashi daga silima kowa sai tsalle da shuri a hanya. Daga baya kaset ɗin Rocky ya zagaya gidajen bidiyo. Bambancin kawai shi ne, mu sai mun tara kuɗin shiga, sau ɗaya a mako in an samu. Yaron yau kuwa faɗan yana cikin aljihunsa dare da rana.

Maganarmu guda ɗaya ce: akwatin talabijin da waya suna nuna wa yaro naushi, amma ba sa nuna masa abin da ke kewaye da naushin.

Mu fara da fim. Naushin fim ba ya taɓa jiki. Kyamara ce ake ajiyewa a inda mai kallo ba zai ga tazarar da ke tsakanin hannu da fuska ba. Ƙarar da kake ji daga baya ake sa ta, jinin kuma kala ce. Shi ya sa jarumi zai sha duka talatin a ka, ya tashi ya kakkaɓe riga. Shi kansa Sylvester Stallone ya sha ba da labari cewa, lokacin da suke shirya Rocky kashi na huɗu, wanda ya fito a 1985, ya ce wa abokin wasansa ya naushe shi da gaske. Ƙarshenta sai da ya yi kwanaki a gadon asibiti.

Sai damben gaske na talabijin. Wannan kam ba ƙarya a ciki, amma kafin mutum biyu su hau dandamali an gwada lafiyarsu, an auna nauyinsu don kada a haɗa ƙato da ƙaramin yaro. Akwai alƙalin wasa a tsakani, akwai likita a gefe, akwai motar asibiti a waje. Duk da haka ana mutuwa. A 1982 ɗan damben Koriya Kim Duk-koo ya rasu kwanaki kaɗan bayan karawarsa da Ray Mancini a Amurka, kuma bayan wannan ne aka rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. A watan Maris na 2025 ɗan ƙasarmu Gabriel Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana cikin dambe a Akara, bai tashi ba. Ko Francis Ngannou, duk girman jikinsa, da Anthony Joshua ya same shi a turmi na biyu a Riyad a 2024, sai da likitoci suka shigo kansa.

Shi kuwa faɗan keji, wato wanda ake haɗa dambe da kokawa da shuri, kamfanin UFC ya fara shi a 1993 kusan ba doka, har sai da aka matsa musu suka kafa ƙa'idoji. Yanzu an hana dukan ƙeya, an hana tsokane ido, an hana dukan gaba. Yaranmu suna son sa musamman tun da Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da Israel Adesanya suka ci kambu a 2019. Amma abin da yaro bai sani ba shi ne, shaƙar nan tana tare jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum ya suma. A keji, da wanda aka shaƙe ya bubbuga hannu, ko alƙali ya ga jikinsa ya saki, nan take ake rabawa. To, a lungun Bulabulin wa ke tsaye a matsayin alƙali? Yara masu tafi?

Wani zai ce, ai dambe gadonmu ne. Gaskiya ne, ba mu zo ƙasar Barno mun bar shi a baya ba. Wasan rundawa ne tun kaka da kakanni, ana yin sa da kaka in an kawar da amfanin gona. Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago har gobe ana faɗa. Amma ku duba yadda magabata suka tsara shi. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan na kariya ne. Turmi uku ake yi. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, ba a bin wanda ya faɗi da duka. Kuma ɗan dambe ba ya tsirowa haka nan. Ku saurari sunayensu: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Wato kowa da ubangidansa wanda ya koya masa, wanda zai ce masa yau ba za ka sa zare da wane ba, ya fi ƙarfinka. Kowa kuma da ɓangarensa, ko Arewa, ko Kudu, ko Guramada. Yaron da ya koyi faɗa daga waya shagon wa ke nan? Ba shi da ubangida sai caji da data.

Damben namu ma yanzu ya shiga akwati. Tun wajen 2017 tashar Dambe Warriors ke sa shi a YouTube, mutane miliyoyi suna kallo daga ƙasashen duniya. Mun ji daɗi, amma a nan ma ana yanko wurin kisa ne a yi ta maimaitawa. Ba a nuna karyayyen muƙamuƙi, ba a nuna wanda ya biya kuɗin magani.

Don haka muna gabatar da roƙo huɗu a gaban shugabanni.

Na farko, masu gidajen kallo a cikinmu. Manyan faɗan Amurka suna zuwa ne da tsakar dare zuwa asuba a lokacinmu. Don Allah kada a buɗe wa ƙananan yara ƙofa a wannan lokaci saboda 'yan kuɗin shiga.

Na biyu, iyaye. Hana kallo ba zai yiwu ba, in ka ƙwace waya zai leƙa ta abokinsa. Gara ka zauna ku kalla tare, ka nuna masa alƙali, ka nuna masa likita, ka faɗa masa cewa wuya da ƙeya ba wurin wasa ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, in yaro ya bugu a ka, ya suma, ko yana amai, ko barci yana ta fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a tsaya shafa man zafi ana cewa bari mu gani zuwa gobe.

Na huɗu, saurayin da Allah Ya ba ƙarfi da zuciya, kada a kashe masa gwiwa. A haɗa shi da ubangida na ƙwarai ko mai horarwa. In kuma masu kyamara suka zo ɗaukarsa, dattijo ya zauna a yi magana a fili: nawa za a biya shi, kuma wa zai ɗauki jinya in ya ji rauni.

A ƙarshe, jama'a, mu tuna inda muke zaune. Iyayenmu sun zo Yerwa da fatauci da almajiranci da sana'a, aka karɓe su hannu biyu. Da ruwan Alau ya shigo gari a watan Satumba na 2024, ba wanda ya tambayi yaren wani kafin ya miƙa masa hannu. In ɗanmu ya yi ɓarna ba za a ce ɗan wane ba, cewa za a yi ɗan Afuno. Kada mu bari wasan lungu ya ɓata zumuncin shekara da shekaru. Duk wanda ya ga yara suna shaƙe juna ya tsawatar, ko nasa ne ko ba nasa ba, domin ɗa na kowa ne.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya. In mun yi kuskure a yafe mana.