Ƙasa ce ke ɗaukar kaya: lacca kan shimfiɗa kankare da kwalta a Kasuwar Kurmi

 

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake cin Kasuwar Kurmi. Ta ga raƙuman Agadas da jakunan fatake, yau kuma kurar 'yan dako da A Daidaita Sahu ke kai-komo a bakinta. Duk wannan nauyi a wuri ɗaya yake sauka: ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Idan daɓen shago ya tsage ko titi ya ɓurma, mukan ce an ci siminti ko an rage kwalta. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa tun kafin a buɗe buhun farko aikin ya riga ya lalace, domin ba a gyara ƙasar ba.

Iyayenmu mata sun san wannan ilimi. Idan za a yi daɓe, sai a share wuri, a zuba marmara ko tsakuwa, a yayyafa ruwa daidai, a taru da madaɓai a yi ta bugu har ƙasa ta kwanta, sannan a shafe da makuba. Abin da Ralph Proctor ya auna ke nan a Amurka a 1933: kowace ƙasa tana da adadin danshin da ta fi danƙaruwa da shi. Busasshiya ba ta kamuwa, wadda ta sha ruwa da yawa kuwa zamewa take yi a ƙarƙashin rola. Kafinsa da fiye da shekara ɗari, John McAdam na Sikotilan ya koyar da cewa ƙasar wurin ita ke ɗaukar nauyin hanya, matuƙar an tsare ta daga ruwa.

To, wace irin ƙasa ke gare mu a cikin birni? Da ƙasar Kano aka gina Kano. Inda aka haƙa don tubali ya zama kududdufi, da yawan kududdufan kuma an cike su da bola da ɓaraguzai, an yi gini a kai. Ga Jakara a gefen kasuwa, ga ruwan Agusta da ke neman hanyarsa ta dā. Bola tana ruɓewa, tana raguwa, abin da ke samanta ya bi ta. Saboda haka matakin farko shi ne haƙa ramin gwaji a ga abin da ke ciki, a kai samfuri ɗakin gwaji irin na sashen injiniyan gine-gine a Jami'ar Bayero. Duk baƙar ƙasa da leda da tarkace a kwashe su. Cikon ya zama jar ƙasa mai marmara, a zuba ta hawa-hawa, kowane hawa kimanin santimita 15, a jiƙa, a danne, kafin a ƙara wani. Wanda ya juye tifa guda a rami ya bi samanta da rola, saman kaɗai ya danne.

Sai zaɓi tsakanin kankare da kwalta. Kwalta tana son titi mai faɗi da injin zai shiga, kuma sai an yi mata shimfiɗar tsakuwa mai ƙarfi a ƙasa. Zafin Afrilu yana tausasa ta, man dizal yana cin ta, ruwan da ya kwanta yana raba ta da tsakuwarta. Don haka wurin lodi da sauke kaya, inda mota ke daɗewa a tsaye, kankare ya fi dacewa. Daɓen shago da hanyar ƙafa kaurin santimita 10 ya wadatar. Inda mota za ta hau, kada a gaza 15. A yanka masa gaɓoɓi duk bayan kimanin mita 3, domin kankare yana tsukewa idan yana bushewa, in ba a ba shi wurin tsagewa ba zai zaɓa da kansa. Kada birkila ya cika ruwa a kwaɓi don sauƙin shafe, amma bayan an zuba a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu. Ƙarfinsa a kwana 28 ake auna shi. Lungunan kasuwa kuwa intalok ya fi musu, tunda ana iya ɗaga shi a gyara bututu a mayar.

Kowanne aka zaɓa, a ba shi gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita, ta kai ruwa kwata, kwatar kuma ta kasance a yashe. Titi mai kyau kusa da toshasshiyar kwata kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Iyayenmu 'yan kasuwa, ku ne masu biyan kuɗin aiki, kuma ku ne masu kwashe kaya idan ruwa ya shigo. Araha ba ta ado. Kafin ku tambayi ɗan kwangila buhu nawa zai saka, ku tambaye shi me ya tarar a ƙasa, hawa nawa ya danne, kuma ina ruwa zai bi. Kada a zuba kankare sai kun ga cikon da idonku.

Allah Ya ƙara wa Kurmi albarka.