FILIN JIRGIN SAMAN AGADAS DA ABINCIN MUTANEN AZBIN



An nemi in yi magana a kan amfanin ƙaramin filin jirgin sama ga garin da aka gina shi. Na so in ɗauki misali daga gida Nijeriya, amma da na yi tunani sai na ga babu inda al'amarin ya fito fili kamar birnin Agadas na ƙasar Azbin, a arewacin Jamhuriyar Nijar. Kada kowa ya ce na yi nisa. Mutanen Agadas da Hausa suke ciniki, rawunan da Buzayensu ke naɗawa kuwa shekara da shekaru daga marinar Kura da ta Kano ake kai musu, kuma Agalawan da suka shahara da fatauci a ƙasar Kano asalinsu daga can suke ja.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, Agadas ba garin noma ba ne. Tun da sarakunan Azbin suka zauna a cikinsa a ƙarni na 15, abincinsa a hannun baƙo yake. Ayari ya sauka da kaya daga Garb, watau arewacin Afirka, wani ya tashi da raƙuma zuwa Bilma, tafiyar kilomita kusan 600 cikin rairayin Tenere, ya ɗauko gishiri da dabino ya gangaro da su Damagaram da Katsina da Kano, ya koma da gero da tufafi. Mai masauki ya samu, dillali ya samu, baduku da maƙeri su samu. Doguwar hasumiyar masallacin garin, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da ƙasa a farkon ƙarni na 16 aka kuma sabunta ta a 1844, ita fatake ke hangowa daga nesa su san sun iso. Da Turawa suka juya ciniki zuwa bakin teku, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai wannan hanya ta fara mutuwa, gari ya yi sanyi.

Abin da ya sake tayar da shi abu biyu ne. Na farko ma'adinin yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971. Na biyu, wanda shi ne zancenmu, Turawa masu yawon buɗe ido. Daga Yamai zuwa Agadas ta Tawa tafiya ce ta kilomita fiye da 900 a mota, kuma Bature mai hutun mako ɗaya ba zai ɓatar da kwana biyu a kan hanya zuwa, biyu komawa ba. Jirgin shata daga Faransa kuwa cikin awa biyar ko makamancin haka ya dire shi a bakin gari. Wannan ɗan bambanci, jama'a, shi ne dukan sana'ar. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2006, in sanyi ya shiga, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, jiragen nan kan sauka kai tsaye, direbobi na jira da motocinsu na Land Cruiser, an riga an ɗaura gammo da jarkokin ruwa.

Ku dubi yawan bakin da baƙo ɗaya ke ciyarwa. Akwai direba, da jagaba wanda ya san rijiyoyi, da kuku, da bakanike, da mai raƙuma wanda zai ba da haya a gindin duwatsu. Akwai mai lambu a Timiya da ke sayar da lemo da rumman, da maƙerin farfaru da ke ƙera sarƙar nan ta azurfa da aka sani da sunan garin, da matan da ke saƙa tabarmi da ɗinka jakar fata. Su kuwa baƙin abin da ya kawo su shi ne tuddan rairayi, da zanen raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse a Dabus, da taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina, da dajin Azbin da Tenere wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991. Na sha jin mutanenmu suna mamaki wai me za a kalla a fako. To, ai mai abu shi ne ba ya ganin abinsa.

Filin yana ɗauke da sunan Mano Dayak, kuma sunan kansa tarihi ne. Ba'azbine ne da ya yi karatun zamani, ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet, ya yi aiki da masu tseren motoci na Faris zuwa Dakar a zamanin da suke ratsa Tenere. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990. Ranar 15 ga Disamba, 1995, ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi zuwa shawarwarin sulhu da gwamnati ya faɗi a duwatsun Azbin, ya rasu. Gwamnatin da ya yi wa tawaye ita ce ƙasarta ta sa wa filin sunansa, kuma ni a ganina wannan dabara ce ta masu hankali, domin ta nuna wa mutanen arewa cewa ƙofar tasu ce.

Sa'an nan abu ya lalace. A Fabrairun 2007 sabon tawaye ya ɓarke a Iferwan, a watan Yuni 'yan tawayen suka kai hari kan filin jirgin kansa, a Agusta gwamnatin Tandja Mamadou ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. An binne nakiyoyi a hanyoyi. An yi sulhu a 2009, amma kafin mutane su numfasa sai aka sace mutum bakwai a Arlit a Satumbar 2010, biyar daga cikinsu Faransawa. Jiragen shata suka ɗauke ƙafa. Abin ban takaici, a 2013, shekarar da UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya, a shekarar ce aka kai harin ƙunar baƙin wake barikin sojan garin. An sami lambar girma ba mai zuwa kallo.

Titin jirgi yana nan, hasumiya tana nan, rairayi bai gusa ba. Abin da ya tafi shi ne amana, watau yardar baƙo cewa zai je ya komo lafiya. Ina fata masu gina filayen jirgi a jihohinmu za su lura da wannan, gama an buɗe sababbi a Bauci da Dutse da Birnin Kebbi, alhali kuwa mai son ganin giwayen Yankari tambayar da zai fara yi ita ce lafiyar hanya, ba tsawon titin jirgi ba.

To ina direbobin nan suka nufa? Wanda ya san hamada ba ya manta ta, kuma mota ba ta cin abinci a ajiye. Waɗansu suka koma jigilar masu neman ƙetarawa Libiya, cikinsu har da 'ya'yanmu 'yan Nijeriya, waɗanda da yawa ƙishirwa ta kashe a hanya. Waɗansu suka bi zinariyar da aka gano a Jado a 2014. Da aka yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka kama motoci aka ɗaure direbobi, har gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. Ana cikin haka Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a gefen garin, wanda ya ci fiye da dala miliyan 100. Jirage sun dawo sararin Agadas, amma ba irin waɗanda ke kawo mai sayen sarƙa ba ne. Sojan Amurka sun miƙa sansanin ga sojan Nijar a Agustan 2024 suka tafi. A farkon 2025 kuma aka sace mata biyu Turawa da ke zaune a cikin garin, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, kuma duk labari irin wannan yakan ƙara wa maƙerin Agadas wata shekarar jira.